Ƙahon da Ba Ya Kiran Sunan Kowa: Fashin Baƙi a Kan Faifan Miles Davis na 1969

Wani dare a lokacin ɗari, a wata fadar samari da ke unguwar Zariya a nan Maraɗi, na kunna wa abokan zama wani faifan kiɗa ta waya, muka jona ta da ƴar ƙaramar lasifika, ana cikin dafa shayi na biyu. Minti uku ba su cika ba sai mai fifita gawayi ya ɗago kai ya ce, "Malam, to yaushe za a fara waƙar?" Na ce masa ai an daɗe da farawa. Ya yi dariya, ya ce shi dai a kunnensa makaɗan nan gyaran kayan kiɗansu suke yi, suna jiran mawaƙi ya iso. Tambayar tasa ta cancanci amsa mai tsawo, domin masana kiɗan jaz na Amurka ma sun yi ƙorafi makamancin nasa lokacin da faifan ya fito, sai dai abin da ya dame su daban ne da abin da ya dame shi, kuma a cikin wannan bambanci ne ake gane yadda aka gina faifan.

Sunan faifan In a Silent Way, kuma mai shi shi ne Miles Davis, baƙar fatar Amurka, mabushin ƙaho, wanda aka haifa a 1926 a jihar Illinois ya rasu a 1991. An naɗi kiɗan a zama guda, ranar 18 ga Fabrairu 1969, a situdiyon kamfanin Columbia da ke New York, aka fitar da shi kasuwa a ƙarshen watan Yuli na wannan shekara. Faifan garmaho ne mai fuska biyu, kowace fuska kiɗa ɗaya ne tak da ke tafiya babu tsayawa, ta farko minti 18 da ƴan daƙiƙu, ta biyu kusan minti 20. Mutum takwas suka yi aikin, kuma daga farkonsa har ƙarshensa babu wanda ya buɗe baki ya rera ko da kalma ɗaya.

Ya kamata a fara da shi kansa ƙahon, tunda kalmar tana iya sa mai karatu ya hango abin da ba shi ba. Mu a nan abin busa na ƙarfe da muka fi sani shi ne kakaki, dogon nan da ake busa wa Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tsibiri ranar hawan salla, sai kuma begilar soja. Kakaki miƙaƙƙen bututu ne wanda ba shi da ramukan yatsu, saboda haka sautukan da yake fitarwa kaɗan ne ƙwarai, leɓen mabushi da ƙarfin iskarsa ne kawai ke sarrafa su. Ƙahon da Miles yake busawa shi ma bututun tagulla ne, amma an nannaɗe shi ya zama gajere, aka kuma sa masa maɓallai uku da ake dannawa da yatsun hannun dama. Duk maɓallin da aka danna yana karkatar da iskar ta bi ta wani ƙarin bututu, tsawon hanyar ya ƙaru, sautin ya sauka. Da waɗannan maɓallai uku da leɓe mutum yana iya hawa da sauka a kan kowane mataki na tsanin sauti, yana iya yin gudu, yana iya yin kuka. Abin mamaki game da Miles shi ne, yana riƙe da abin busa mai iya faɗin komai, amma sunan da ya yi a duniya na taƙaita magana ne.

Kafin a gane abin da ya rushe a 1969, sai an san ginin da ya tarar. Kiɗan jaz ya taso a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, kuma a hankali ya samu tsari da kusan kowa ke bi. Ana fara busa take, wato karin da kowa zai gane kiɗan da shi. A ƙarƙashin taken akwai abin da zan kira damin sauti: sautuka uku ko huɗu ko fiye da mai fiyano ke dannawa lokaci guda, su ɗaure wuri ɗaya kamar zangarniyar hatsi a cikin dami. Waɗannan dammuna an jera su bi da bi a kan gaɓoɓi ƙidayayyu, galibi 12 ko 32, idan an kai ƙarshe a koma farko. Bayan an gama taken, sai mabusa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ƙirƙiri nasa karin nan take, da sharaɗin duk abin da zai busa ya dace da damin da ake kai a wannan daƙiƙa. A shekarun 1940, lokacin da Miles yana saurayi yana busa a ƙungiyar shahararren mabushin jaz Charlie Parker, dammunan sun yi yawa kuma suna sauyawa da saurin gaske, har ya zama gwanintar mabushi ita ce ya yi ta tsallake su a guje ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Kunnen mai sauraron jaz ya ginu ne a kan bin wannan tafiya, yana jin an bar gida, an yi nisa, an kama hanyar dawowa, an iso.

Miles bai taɓa zama zakaran wannan tsere ba, kuma da wuri ya nemi wata hanya. Ya sha faɗin yadda yake sha'awar Ahmad Jamal, wani mai kiɗan fiyano ɗan birnin Pittsburgh da ya musulunta, saboda yadda yake barin sarari tsakanin sauti da sauti. Ya kuma ba da labarin wasan wata ƙungiyar makaɗa da masu rawa na ƙasar Gini da ya kalla a Amurka, wanda ya tsaya masa a rai. A 1959 ya fitar da faifan Kind of Blue, inda ya rage yawan dammunan sosai: maimakon a sauya dami kowane bugu biyu, sai a zauna a kan tsanin sauti ɗaya har gaɓa 16 kafin a gusa. Mabushi ya samu fili ya yi tunani. Faifan 1969 shi ne ƙarshen wannan hanya, domin a cikinsa an kusa daina gusawar gaba ɗaya.

Akwai kuma matsin zamani, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 kasuwar jaz ta ja baya, matasan Turawa sun koma kiɗan jita mai lantarki, matasan baƙaƙen fata kuma suna wajen mawaƙa irin su James Brown da Sly Stone. John Coltrane, wanda ya taɓa busa saksofon (wani abin busa na ƙarfe mai maɓallai da yawa) a ƙungiyar Miles kuma ya zama jagoran masu neman sabon salo, ya rasu a 1967. A 1968 Miles ya auri Betty Mabry, matashiya wadda ta san mawaƙan zamaninta, ita ce kuma ta kusantar da shi ga kiɗan Jimi Hendrix, gwanin jita mai lantarki. Tun kafin nan ya fara sa mai fiyanonsa ya taɓa fiyanon lantarki. Mutum ne mai shekara 42 da yake ganin ƴan ƙabilarsa matasa sun daina zuwa sauraronsa, abin yana kuma cin ransa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, to amma shi kiɗan ya ga dama ya sauya da kansa.

Waɗanda ya tara a wannan rana ta Fabrairu yawancinsu yara ne a kansa. Tony Williams mai ganguna yana da shekara 23, kuma tun yana ɗan 17 yake tare da Miles. Dave Holland, Baturen Ingila mai shekara 22, shi ke riƙe da bas, ƙaton gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa ana fizgar tsirkiyarsa da yatsu. Wayne Shorter yana busa ƙaramin saksofon miƙaƙƙe mai siririyar murya. Sai masu maɓallai har mutum uku a lokaci guda, abin da ba a saba gani ba: Herbie Hancock da Chick Corea a kan fiyanon lantarki, da Joe Zawinul, mutumin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wanda aka fi jin ogan ɗinsa, wato abin kiɗa mai kama da fiyano wanda sautinsa ba ya yankewa muddin yatsa na kai. Na takwas shi ne John McLaughlin mai jita, shi ma ɗan Ingila, wanda bai daɗe da sauka a New York ba, ya zo ne ma don ya yi aiki da Williams, sai ga shi a gaban Miles. Zawinul ya zo da wani kiɗa da ya rubuta yana tuna yarintarsa ta kiwo a karkarar ƙasarsu, kiɗa mai dammuna masu yawa da ado irin na wanda ya yi karatun kiɗan Turai. Da aka gwada shi sai Miles ya ce a zubar da dammunan, a bar guda ɗaya tak, a ɗora karin a kansa. Ya kuma ce wa McLaughlin ya kaɗa shi kamar wanda bai iya jita ba. Shi McLaughlin ya sha ba da wannan labari, kuma ana jin sakamakon a faifan, inda yake taɓa tsirkiya a hankali kamar mai lalube a ɗaki mai duhu. Zawinul bai ji daɗin aske masa kiɗa da aka yi ba, daga baya ma ya sake naɗar abinsa da dammunansa cikakku a faifan kansa, amma wanda aka aske ɗin shi duniya ta riƙe.

Fuska ta farko, wadda abokin shayina ya ɗauka gyaran kaya ce, tana tafiya ne kamar haka. Williams, wanda a lokacin ba a cika samun mai ganga da ya kai shi wuta ba, ya ajiye kusan dukan gangunansa, ya tsaya a kan wasu faranti biyu na tagulla da ake haɗa bakinsu da takun ƙafa, yana ta kaɗa su da sanda, cas-cas-cas, minti 18 ba ƙari ba ragi. Holland yana ta komawa kan sauti ɗaya a ƙasa. Masu maɓallai ukun ba sa jan kiɗan zuwa ko'ina, suna dai yayyafa sauti nan da can, wannan ya ɗiga, wancan ya amsa, ogan yana shimfiɗe a bayansu. A kan wannan shimfiɗa ƙaho yake shigowa kafin a cika minti biyu, ya faɗi ƴar gajeriyar magana, ya yi shiru, ya sake faɗin wata. Ga Ba'amurken da ya saba da tafiyar dammuna, wannan tsayuwa ce wuri ɗaya, shi ya sa wasu masu sharhi, irin su Stanley Crouch daga baya, suka ɗauke shi kiɗan da ba shi da alƙibla, wanda bai wuce a kunna shi ana wata hidima ba.

To amma kunnen da ya tashi a Maraɗi bai kamata wannan ɓangaren ya ba shi wahala ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu goge da ƙwarya ya san kiɗan da ke zaune a kan gindi ɗaya tsawon dare, masu ƙwarya suna maimaita bugu guda, gogen yana zagaye a kansa yana fita yana dawowa. Mai gurmi ma haka yake yi, ƴan sautuka kaɗan yake juyawa, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya rasa alƙibla. Kalangun Mamman Shata yana iya riƙe zubi ɗaya daga farkon waƙa har ƙarshenta, daɗin yana cikin abin da ake ɗorawa a sama da yadda ake jinkirta shi ko a gaggauta. Hatta muryar saksofon ɗin Shorter, idan ta shigo wajen tsakiyar wannan fuska, a kunnena ƴar uwar algaita ce, siririya mai ratsa iska, sai dai ba ta da ci gaban nan marar yankewa da mai algaita ke samu ta hanyar shaƙar numfashi ta hanci yayin da kumatunsa ke ci gaba da tura iska. Ba ina nufin Miles kiɗanmu ya ɗauka ba. Maimaicin ya zo masa ne ta hannun James Brown da makamantansa, kuma launin da masu fiyano ke zubawa a kai na makarantar Turai ne. Abin da nake cewa shi ne dabarar zama a kan gindi ɗaya, wadda ta zama baƙuwa ga masu sharhin New York, mu a gida muka tarar da ita.

Inda mu muke tuntuɓe wani wuri ne dabam, kuma shi ne ainihin tambayar mai fifita gawayi. A wurinmu abin kiɗa magana yake yi. Hausa harshe ne mai karin sauti, kalma tana hawa tana sauka, saboda haka kalangu yana iya kwaikwayon hawa da saukar har mai ji ya gane sunan wanda ake kira. Kakaki da ƴan sautukansa kaɗan kirarin sarauta yake faɗi, kuma ba a busa wa talaka shi komai dukiyarsa. Mahauta suna da takensu, maƙera da nasu, ƴan kokawa da manoma da nasu. Idan Bahaushe ya ji busa, abin da zuciyarsa ke fara tambaya shi ne, wa ake yi wa, kuma me ake cewa? Ƙahon Miles ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi. Ba shi da ubangida, ba ya roƙon kowa, babu wata jimla ta Turanci ko ta wani harshe da ke ɓoye a cikin busar wadda masani zai warware maka. Wanda ya zauna jiran a kira suna zai yi ta jira har faifan ya ƙare.

Duk da haka akwai magana a ciki, in aka yarda cewa magana ba kalmomi kaɗai ba ce. Ka tuna lokacin da kake jin mutum biyu suna zance a bayan katanga, kalmomin ba sa iso maka, amma ka san wane ne ke rarrashi, wane ne ya ƙi, ka san inda aka yi tambaya da inda aka yi shirun da ya fi amsa nauyi. Haka ake sauraron Miles. Shi da kansa ya ce ya koyi yadda ake yanka jimlar busa daga sauraron mawaƙa irin su Frank Sinatra, wato inda ake numfasawa da inda ake jan harafi. A wannan faifan jimlolinsa gajeru ne, sau da yawa yana shigowa a bayan bugu kamar dattijon da ba ya gaggawar amsa gaisuwa, yana kuma barin sararin da wani mabushin zai ji kunyar bari. A cikin sararin ne ake jin masu fiyano suna motsi. Wannan shi ne aikin jagora a irin wannan kiɗa, kuma ya bambanta da na mawaƙi da ƴan amshinsa: bai rubuta wa kowa abin da zai kaɗa dalla-dalla ba, ya zaɓi mutanen, ya hana su abin da suka fi iyawa, sannan ya bar su su nemi mafita.

Saura batun da ya fi jawo gardama, wato abin da aka yi wa kiɗan bayan makaɗan sun koma gida. A wancan zamani ana naɗar sauti ne a kan zare mai maganaɗisu, irin na cikin kaset amma mai faɗi, a naɗe a manyan ƙafafu. Wanda ya yi zamanin kaset a garin nan ya san yadda ake yi idan rediyo ta cinye zare: a yanke inda ya lalace da reza, a haɗa bakin biyu da jan farce, a mayar da biro, waƙar ta yi ɗan tsalle a wurin ta wuce. Wannan aikin dai shi ne na Teo Macero, mai kula da naɗin faifan Miles a kamfanin Columbia, sai dai shi da gangan yake yankawa. Macero makaɗi ne da ya yi karatu a makarantar kiɗa ta Juilliard, kuma ya san aikin Turawan da suka mayar da yankan sauti sana'ar ƙirƙira tun daga 1948, lokacin da Pierre Schaeffer ya fara gwajinsa a gidan rediyon Faransa. Shi wannan Schaeffer, abin sha'awa, shi ne daga baya ya jagoranci hukumar da Faransa ta kafa don buɗe gidajen rediyo a ƙasashen da take mulka a Afirka. Macero ya ba da labarin cewa da shi da Miles suka gama zubar da duk abin da bai gamshe su ba, abin da ya rage bai isa ya cika faifai ba. Maganin da ya samo shi ne ya kwafi wani yanki ya sake liƙa shi. A fuska ta farko, kusan minti 6 na farko su ne aka sake sakawa a ƙarshe. A fuska ta biyu, kiɗan Zawinul mai kimanin minti 4 shi ya buɗe, shi kuma ya rufe, aka sa wani kiɗa mai motsi na kimanin minti 11 a tsakiyarsu. Ba sake kaɗawa aka yi ba, naɗin nan guda ne ake ji sau biyu, da kowane numfashi da kowane ɗan kuskure.

Dalilin da ya sa wannan ya ɓata wa wasu rai yana da tushe. Darajar jaz a wurin masoyansa ita ce ƙirƙirar nan take, abin da aka busa yau ba za a sake busa shi gobe ba, kuma faifai shaida ne na abin da ya faru a wani ɗaki a wata sa'a. An daɗe ana yin yanka a ɓoye don gyara kuskure, har akwai wani kiɗan mai fiyano Thelonious Monk na 1956 mai wuyar gaske da aka harhaɗa daga naɗi daban-daban, amma ana yi ne yadda mai sauraro ba zai lura ba. Macero ya yi nasa a fili. Ya ɗauki abin da aka ƙirƙira sau ɗaya ya mayar da shi kamar amshi, alhali ko amshin ma a wurinmu duk dawowar da zai yi sabo ne, tunda bakin mutane ne ke sake rera shi, wani lokaci da ƙarfi wani lokaci a gajiye. Nan kuwa na'ura ce ta dawo da shi.

Ni a ganina hukuncin ya rabu biyu. A fuska ta biyu maimaicin ya yi aiki ƙwarai, domin bayan minti 11 na motsi da zafi, kiɗan nan mai sanyi da ka ji da farko yana dawo maka da wata fuska, ko da yake ko ɗigo bai canza ba. Da farko jira ne, a ƙarshe kuma hutu, kuma kunnenka ne ya yi wannan sauyi. A fuska ta farko kuwa ban gamsu sosai ba. Minti 6 sun yi yawa a ce an maimaita su cikin minti 18, kuma duk lokacin da na saurara ina jin ƙamshin cike gurbi a wurin. Zargin da aka yi wa Miles na cewa ya sayar da jaz don neman kuɗin matasa shi ma rabinsa gaskiya ne, tunda yana son kasuwar kuma bai ɓoye ba, amma wanda kuɗi kaɗai yake nema ba zai fitar da kiɗa biyu masu kusan minti 20 kowanne, babu murya, babu inda gidan rediyo zai yanka ya saka ba. Game da yankan kansa kuwa, zamani ya riga ya raba gardamar. Duk waƙar da ake naɗa yau a situdiyoyin Kano ko na nan Maraɗi, mai kwamfuta yana ɗaukar gaɓa huɗu na kiɗan fiyano ya jera su sau ɗari, ya ɗauko amshin da aka rera sau ɗaya ya liƙa shi duk inda ake bukata, kuma ba wanda yake ganin an yi ha'inci. A 2001 kamfanin ya fitar da naɗe-naɗen wannan lokaci a cikin wani kundi, har da waɗanda reza ba ta taɓa ba, mai son ya auna aikin Macero yana iya kwatantawa.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Wata shida bayan wannan zama, a Agusta 1969, Miles ya koma situdiyo da taron makaɗa mafi yawa, ya naɗi wani faifan mai hayaniya wanda ya fi wannan kasuwa nesa ba kusa ba. Yaran da suka yi aikin Fabrairu kuma yawancinsu sun kafa nasu ƙungiyoyin, su ne suka mamaye kiɗan jaz mai lantarki na shekarun 1970. Zawinul da Shorter sun haɗu sun kafa ƙungiyar Weather Report, kuma shi Zawinul ɗin ne ya shirya wa Salif Keita na Mali faifansa na 1991.

Wanda zai gwada sauraro, shawarata ita ce ya fara da fuska ta biyu, kuma ya nemi abin sawa a kunne ko lasifika mai ɗan girma, domin lasifikar waya ba ta fitar da bas, alhali a kan bas ɗin aka kafa komai. Ina zaton rabin abin da ya sa abokin shayina ya ji kamar ba a fara ba ke nan, gindin kiɗan bai iso kunnensa ba sam. Bayan minti 4 na farko masu sanyi, inda jita ke fara karin, saksofon ya karɓa, ƙaho ya shigo daga baya, sai a ji an yanka kwatsam an faɗa cikin wani bugu. Daga nan a sa kunne a kan Williams. Sandarsa tana kan bakin ganga, ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar agogon bango, yayin da bas da ogan ke kawo wani zubi mai nauyi, su janye shi, su sake kawo shi. Mai jita ya yi nasa ya wuce, Shorter ya yi nasa ya wuce, shi Williams yana nan a kan bakin ganga, fiye da rabin sa'a ke nan tun farkon faifan ana riƙe da shi. Sai can kusa da ƙarshe, ƙahon Miles yana sama, aka saki Williams, ya buɗe gangunan da farantan gaba ɗaya na ɗan lokaci ƙanƙane, sannan ya koma kan bakin gangarsa kamar ba shi ba. Da na sake kunna wannan wurin a fadar wani daren, da lasifikar da ta fi ta farko, mai fifita gawayin bai ce komai ba sai da aka wuce shi, sannan ya ce, "Malam, ɗan mayar da shi baya kaɗan."